Bindigar da Ba Ta Hawa Babur

Ban taɓa mantawa da ranar Lahadin nan ta watan Sha'aban ba, shekara biyu bayan na tuɓe kaki na dawo gida Filingue. Ku da ke riƙe da makullin ɗakin makamai yanzu, na san kuna yi mini dariya a bayan ido, kuna cewa tsohon ajidan ba shi da zance sai na rajista da jan ƙyalle. Ban ji haushi ba. Amma tunda kwana yana ja, gara in gaya muku inda abin ya samo asali, ko da zai rage mini girma a idonku.

Saboda waɗanda ba su san aikin ba, bari in fara da tsarinsa. Kowane bariki yana da ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe inda ake ajiye bindigogi. Kowace bindiga tana da lambar da aka buga a jikinta tun daga inda aka ƙera ta, kuma lambar tana cikin babban littafi, shi ne rajista. Wanda zai fita aiki ya zo ya karɓa ya sa hannu, in ya dawo ya mayar ya sa hannu. Mai kula da ɗakin shi ke dubawa, ya goge, ya gyara. In ya ga wadda ta lalace, abu uku ke kansa kafin ya bar ɗakin: ya ɗaura mata jan ƙyalle, ya rubuta cutarta a rajista, ya sa ta cikin akwatin da ake turawa Yamai. Wannan aiki na yi shekara ashirin da uku, har na kai ajidan, wato babba cikin ƙananan hafsoshi, mai tsayawa tsakanin kaftin da sauran yara.

Sai dai ni ɗan makarantar allo ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya koya mini ajami tun ban isa riƙe hauya ba. Faransanci kuwa da gemuna na koye shi, kuma har na bar aiki hannuna bai saki da shi ba. Kafin in gama layi ɗaya a rajista shayi ya huce. Don haka na ƙirƙiro wa kaina wata hanya. Duk bindigar da na taɓa, sai in yanki 'yar takarda, in rubuta abin da na gani da ajami, in naɗe ta ƙanƙanuwa kamar yadda aka koya mana naɗe rubutu a makaranta, in cusa ta ƙarƙashin marfin ƙota, wato mariƙin bindigar, in mayar in ɗaure. In ta sake dawowa hannuna, ko bayan shekara ne, sai in kwance in karanta tarihinta. Ina alfahari da wannan dabara ƙwarai. Ku riƙe wannan a ranku.

Alhaji Mamman taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, tare muka yi allo. Fataucin shanu yake yi tsakanin Abala da Filingue da Yamai. Da kakar shekarar 'yan fashi suka tare motarsu a hanyar Abala. Ba abin da suka kwasa ne ya dame shi ba. Sun kwantar da shi rubda ciki a kan yashi, wani matashi cikinsu ya taka masa wuya da takalmi a gaban abokan tafiyarsa. Tun daga ranar ya daina dariyar da muka san shi da ita. Ya yi wata da watanni yana zirga-zirga a ofisoshin Yamai har ya samu takardar izinin riƙe ƙaramar bindiga. Na gaya masa inda zai je ya sayi sabuwa mai takardunta. Ya ce to. Sai ga shi ran Lahadi, rana ta kusa tsaka, yana sallama a ƙofar zaurena.

"Ajidan na gwamnati, kana ciki ko ka mutu?"

"Ina jira in binne ka tukuna," na ce. "Shigo, ɓarawon maruƙa."

"Ba ni kaɗai ba ne. Baƙuwa na kawo maka. Ka duba mini ita, in lafiyarta lau, yau gidana za ta kwana."

Bayansa wani mutum ya shigo, siriri, bai wuce shekara arba'in ba, yana jan ƙafar hagu. Yana riƙe da ƙwarya rufe da faifai da hannu biyu, kamar mai ɗauke da madarar da ta cika baki. Alhaji ya ce sunansa Bawa, daga wani ƙauye bayan Tabla, kuma a ƙasa ya tako, ya kwana biyu a hanya.

"Da wannan ƙafar?" na ce. "Ba babur a garinku?"

"Akwai, Malam." Ya sunkuyar da kai ga ƙwaryar, ya rage murya. "Ita ce ba ta hawa babur."

Ya roƙi abu mai laushi. Na shimfiɗa masa buzu. Ya durƙusa a hankali ya ajiye ƙwaryar, ya ɗage faifan. Gero ne cike da ita. Ya tura yatsu cikin geron ya zaro wani abu naɗe cikin jar fata.

Kun san unguwarmu ran kasuwa. Kowa ya tafi, har mata da yara. Hayaniyar kasuwa tana zuwa daga nesa kamar ruwan da ke sauka a wani gari. Ko kaza ba ta motsi a inuwa. Da ya warware fatar sai wari ya cika zauren, na man shanu da ya daɗe gauraye da turaren wuta.

"Gaya mishi, Bawa," in ji Alhaji, idonsa na ƙyalli. "Gaya mishi abin da ta yi wa ɓarawo."

Bawa ya ce bindigar ta yayansa ce, marigayi. Wata rana da damina kowa yana gona, ɓarawo ya shiga ɗakin yayan. Bindigar tana rataye a jikin gado. Mutanen gona suka ji ƙara, suka sheƙo, suka tarar da ɓarawon kwance yana ihu, ita kuma tana ƙasa kusa da shi. Ba kowa a gidan. Ɓarawon da bakinsa ya rantse bai taɓa ta ba, gadon kawai ya ture.

"Ka ji ko?" Alhaji ya daki cinyarsa. "Ba hannun kowa bisanta!"

"Amma tana da sharuɗɗa," in ji Bawa. "Ba ta hawa babur, ba ta hawa doki. Ba a aje ta bisa ƙasa tsirara ko bisa wani abu mai tauri. Ba a kuma buɗe cikinta."

"In an saɓa fa?" na tambaya.

"Yayana ya manta, ya hau babur da ita zuwa wani suna. Ba su fita gari ba ta kama shi a ciki. Bai kai la'asar ba." Ya shafa ƙafarsa. "Ni kuwa daga bisa gado ta zame mini ta taɓa ƙasa."

Ya faɗi haka ba tare da ƙorafi ba, kamar mai ba da labarin dattijon da aka ɓata wa rai. Ya ce duk daren Juma'a yana shafa mata man shanu ta waje, ya turara ta. Yanzu ya gaji, matarsa ta ce ko ita ko bindigar a ɗakin.

Na yi isti'aza a zuciyata na fara aikina. Duban tsohuwar bindiga yana da tsari, ba a tsallake ko ɗaya. Na farko, a tabbatar ba komai cikinta. Bawa ya zaro gidan harsashi daga aljihunsa ya nuna mini, ya ce tun tuni ya cire shi, fanko ce. Tsohon ajidan da ya koya mini aiki, wani Bazabarme mai ƙarancin magana, yakan buge mana hannu in muka yarda da irin wannan magana. Cewa yake sai idonka ya gani, yatsanka ya shiga, sannan ka ce fanko. Na duba bayanta. 'Yar gudumar da ke bugun harsashi tana kwance baya, wato a ɗane take. Bakinta kuwa yana kallon gwiwar Alhaji.

Na ɗauke ta kamar mai ɗaukar ƙwai, na juya bakin ga bango, na ja samanta baya. Harsashi ya yi tsalle ya faɗo a kan buzun, ya gangara, ya tsaya jikin babban yatsan Alhaji.

Bawa ya ja da baya har ya jingina da bango. "Wallahi, Malam, ban sa mata ba. Tun ran da ta kama ni na cire gidan na naɗe ta."

"Yaushe ke nan?"

"Damina biyu."

Na san dalili. Irin wannan bindiga in ta harba, ita ke tura wa kanta harsashi na gaba ta ɗana kanta, haka aka ƙera ta. Ranar da ta fasa ƙafar Bawa ta ɗauki na gaba, shi kuma ya cire gidan ya bar wanda ke baki. Ƙarfe ne kawai, ba wani abu ba. Amma da na tuna damina biyu tana ɗane a ɗakin da yara ke kwana, ana shafa ta ana juya ta, an kuma ratsa kasuwar Filingue da ita yau cikin ƙwaryar gero, sai na yi salati.

Alhaji kuwa murna ta kama shi. "Ka gani da idonka, Ajidan! Ita ke ɗana kanta."

Na biyu, lamba da takardu. Na juya ta wajen hasken ƙofa. Inda lambar take an goge shi da dutse har wurin ya yi kwari. Na ce wa Alhaji magana ta ƙare tun a nan, takardar izininsa ba ta rufe bindigar da ba ta da lamba, ranar da aka kama shi da ita kurkuku ne.

"Kai dai duba lafiyarta," ya ce. "Takarda aikina ce."

Na ci gaba, don in samu abin da zan kashe masa sha'awa da shi. Na uku, cikin bututu. Na sa farin ƙyalle ta baya don ya mayar da haske, na leƙa ta baki ina neman tsatsa ko kumburi. Ba laifi sosai. Na huɗu, na girgiza ta kusa da kunne, na bi jikinta da farce ina neman tsagewa. Na taɓa makullin da ke hana ta tashi, na ji yana lilo, ba ya riƙe komai. Irin bindigar da muke riƙewa ce a aiki. Na gaya wa kaina irinta suna da yawa a ƙasar nan, sun shigo ta ko'ina.

Na biyar shi ne ƙarƙashin marfin ƙota, inda gumi ke taruwa, nan tsohuwar bindiga ke ɓoye shekarunta. Na kai ido ga ƙusoshin da ke riƙe da marfin, sai na ga wata 'yar ƙarzuwa a gefen na sama, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Turnabis ɗina na aiki, abin kwance ƙusa, yana da gutsure a baki, kuma duk ƙusar da ya kwance sai ya bar mata wannan alama. Yana nan cikin akwatina har ranar, da shi na zo gida. Na miƙa hannu na ɗauko shi. Na ɗora bakinsa a kan ƙusar.

Bawa ya cafke mini wuyan hannu. "Don Allah, Malam. Layarta na ciki."

Ya ce marfin ya taɓa saki a hannun yayansa, ya ga takarda naɗe, tawada ta fito ta bayanta. Bai buɗe ba. Wa zai buɗe laya? Kowa ya san in an buɗe ta mutu, ko ta juyo kan mai ita. Sai ya naɗe ta da zare ya mayar. Tun daga nan suka san aikin wani babban malami ne ke cikinta.

"Ina yayanka ya samo ta?" na ce.

Ya waiga ƙofa. Alhaji ya ce, "Faɗi mana, wannan ya bar aiki, haƙoransa sun zube."

Bawa ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan. Yayansa ya kai shanu kiwo arewacin Abala. Da tsakar rana ya hangi mutum zaune jingine da aduwa, ya yi masa sallama har sau uku bai amsa ba. Da ya matsa sai ya ga mai kaki ne, matashi, idonsa a buɗe, hannu biyu dafe da cinyarsa, yashin da ke ƙarƙashinsa ya yi baƙi. Ga jarkar ruwa fanko a gefe. Yayan makiyayi ne, ya san sawu. Ya zagaya wurin sau biyu. Sawun mutum ɗaya ne tak, daga gaɓar wata busasshiyar ƙorama inda ya diro, ya jawo jiki zuwa bishiyar. Ba wanda ya zo, ba wanda ya tafi.

"Ita kuma tana gefe," in ji Bawa. "Ya aje ta da kyau bisa hularsa, ya juya bakinta nesa da shi. Yayana ya rufe mishi ido, ya ɗauke ta ya gudu."

Na san mai kakin. Sunansa Hamidu, sarjan ne a barikin da nake a lokacin, yaro mai fara'a, ba ya wuce ƙofar ɗakin makamai bai leƙo ya gaishe ni ba.

Ga abin da ya faru. Wata Alhamis bayan azahar ina duba ƙananan bindigogi, na tarar da ɗaya wadda ɗan haƙorin da ke riƙe gudumarta ya cinye. In an ɗana ta, ƙaramin bugu ya isa ya sa ta tashi. Na rubuta 'yar takardata, na cusa, na ɗaure marfin. Na jawo rajista, na buɗe, na ɗauki alƙalami. Nan aka leƙo aka ce an bugo waya daga Filingue, mahaifiyata ta rasu, ana jirana. Na rataye bindigar a ƙusarta cikin 'yan uwanta, ba jan ƙyalle, ba layi a rajista. Na miƙa wa mataimakina makulli na fita. A raina na riga na rubuta, tunda na rubuta da ajami.

Bayan addu'ar bakwai na koma. Aka tarye ni da labarin Hamidu. Sun raka wata mota, ta lalace a daji, ya ɗauki jarka ya tafi neman rijiya, washegari aka tsinci gawarsa ba bindiga. Rahoto ya ce 'yan fashi ne suka harbe shi suka ɗauke makamin. Har an tsare wasu makiyaya biyu kwana da kwanaki kafin a sake su. Na shiga ɗaki, na ga ƙusar nan fayau. Na buɗe rajista, na ga sa hannun Hamidu a gaban lambar. Ba wanda ya tambaye ni komai, ni ma ban gaya wa kowa komai ba. Na ce wa kaina 'yan fashi ne. Shekara goma sha ɗaya ina faɗa wa kaina haka, har a kan buzun salla.

A zauren, na ɗago kai na ce, "Bawa, sake mini hannu. Zan gaya muku abin da ke cikin takardar kafin a buɗe."

Alhaji ya yi 'yar dariya. "Yau kuma duba ka koma?"

"Bayan takardar kore ne, daga kwalin shayi aka yanko ta. A sama akwai bisimilla. Ƙasa da ita an rubuta: wannan ba ta da lafiya, haƙorinta ya cinye, tana tashi da kanta, kada a ɗana, kada a ba kowa. Sannan sunana, Sa'idu."

Yatsun Bawa suka saki ɗaya bayan ɗaya. Na kwance ƙusoshin. Tana nan, dunƙule cikin baƙin zare, ta sha mai. Na yanke zaren na miƙa wa Alhaji ba tare da na duba ba. Ya warware ta, ya juya ya ga koren bayan. Ya matsa ga haske ya bi rubutun da yatsa, yana haɗa baƙi da baƙi a bayyane kamar yadda muke yi a gaban malam muna yara. Da ya kai sunana ya tsaya.

Na ba su labarin Hamidu duka, ban rage komai ba. Shi ne karo na farko da ya fito daga bakina. Na ce wa Bawa sharuɗɗan da suka kiyaye gaskiya ne, amma ba iska ce ta gindaya su ba. Babur girgiza ne, ƙasa mai tauri bugu ne. Da jininsu suka gano abin da ke rubuce a cikinta tun farko.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ban san zurfin abin da takalmin nan ya yi wa taubashina ba.

"To, Allah ya jiƙan yaron," ya ce. "Amma ka ji ni, Sa'idu na gwamnati. Ran da aka kwantar da ni, akwai mai bindiga cikin motarmu. Ya ja, ta ƙi tashi. Ni wadda ke ɗokin tashi nike so. Ka ce babur ne ba ta so, ba ni hawa babur. Ka ce ƙasa, in saya mata katifa."

"Ba ta san ɓarawo da mai gida ba, Mamman."

"Ta san ɓarawon Tabla ai."

Kafin in hana, ya sunkuya ya ɗauke ta daga kan buzun. Gudumarta tana nan baya yadda na bar ta bayan na fitar da harsashin. Ya miƙe, ya ɗaga riga, ya soke ta a mazagin wandonsa ta gaba, ya saki rigar. Ya taka zuwa ƙofa ya dawo yana buɗa kafaɗa.

"Wa ya ga wani abu? Ka ga yadda ta zauna? Kamar don ni aka yi ta."

Daidai nan ladanin masallacin unguwa ya ɗaga murya da kiran azahar. Alhaji mutum ne mai jiki, ba ya zama a hankali. Ya saki nauyinsa a kan tabarma.

Ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, kamar an karya busasshen karan gero. Ko a ƙofar zaure ba za a ji ta ba. Amma mu uku mun ji ta. Ladan yana ta kira. Na ga inda rigar ta yi tudu: bakin bindigar yana manne da cikin cinyarsa ta hagu, inda babbar jijiyar jini take. Inda Hamidu ya dafe da hannu biyu.

Alhaji bai dubi cinyar ba. Harsashin nan yake kallo, wanda ke kwance har yanzu a gefen buzu, taki ɗaya daga ƙafarsa. Gumi ya keto masa daga ƙarƙashin hula ya bi ta gemu. Ya ɗago ya dube ni.

"Sa'idu. Cire mini ita."

Tun muna yara bai taɓa kiran sunana haka tsirara ba, ba tare da ya liƙa masa wata tsiya ba. Na ɗaga rigar na zare ta. Ni da Bawa gurgu muka kama shi zuwa wurin alwala.

Bayan salla na ce ba inda za ta kwana sai hannun hukuma, dama tata ce. Bawa ya tsorata, na ce zan tsaya masa, wanda ya kawo makami da kansa ba kamar wanda aka kama da shi ba ne. Na raba ta gunduwa gunduwa, na zuba cikin geron na rufe da faifan. Ga babur ɗina a jingine a zaure. Na dube shi, na dubi ƙwaryar. Ni da na san ba komai cikinta, ni da na wargaza ta da hannuna, a ƙasa na tafi, ina riƙe da ita da hannu biyu. Allah ya yafe mini raunin zuciya.

A hanya Bawa ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ashe ba laifi muka yi mata ba?"

"Ba ta ma san da ku ba, Bawa."

Na ɗauka zai ji sauƙi. Sai na ga fuskarsa ta ƙara faɗawa.

Kaftin ɗin da muka tarar matashi ne, bai taɓa aiki da ni ba. Ya karɓi makamin, ya sa aka rubuta cewa Bawa ne ya kawo shi don kansa. Da ya gama na ce ina da bayani a kan wani tsohon rahoto, a kira mai rubutu. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye alƙalami.

"Ajidan, ba wanda ya tambaye ka wannan."

"Za a tambaye ni, ranka ya daɗe, a inda ba a manta rubuta komai. Gara in fara sabawa da amsar."

An tura bayanin Yamai, an kira ni, an yi mini tambayoyi, an rubuta abin da aka rubuta a takarduna. Wannan bai yi mini nauyi ba. Mai nauyin shi ne zuwa gaban mahaifin Hamidu, tsoho makaho a wani gari cikin ƙasar Zabarmawa. Na durƙusa na gaya masa ba 'yan fashi ne suka kashe ɗansa ba. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare, na yafe maka nawa. Makiyayan nan biyu da na shekara goma sha ɗaya ina yi wa Allah ya isa fa, ka neme su?" Na neme su. Ɗaya na samu da rai.

Alhaji Mamman bai sayi bindiga ba har yau, ko sabuwa ko tsohuwa. Yana bin ayarin da ake rakawa in zai tafi Abala. Dariyarsa ta dawo kaɗan kaɗan, kuma duk inda ya gan ni cikin mutane sai ya ɗaga murya ya ce ga babban malamin laya, a zo a karɓi rubutu. Ina barinsa. Ya fi mini da in je ta'aziyyarsa.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Mutanenmu ba wawaye ba ne. Bawa da yayansa sun lura da halin bindigar nan fiye da wasu masu kaki da na sani, sun dai ba abin da suka gani sunan da suka sani. Wanda ya san sunan gaskiya ni ne, ni kuwa na naɗe shi na ɓoye inda ba mai gani, cikin siffar da ba mai buɗewa. In aka kawo muku tsohuwar bindiga, ku fara da bakinta, ku bi ta har ƙarƙashin ƙota, ku kuma saurari abin da masu ita ke tsoro a kanta, ko da ya yi kama da camfi. In kuka ga cuta, ku ɗaura jan ƙyallen nan take, ku rubuta a littafin da kowa ke karantawa, da rubutun da kowa ke ganewa, komai munin hannunku.

Takardar tana cikin gafakata, tare da baƙin zarenta. Layin da ban rubuta ba ranar Alhamis ɗin nan bai fi kalma goma ba. Mahaifiyata ta riga ta rasu, da ta jira ni. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Hamidu, ya jiƙan yayan Bawa. Ku rubuta kafin ku fita.